Kwalara da Lassa: Ciwo ne ya fi yawa a Bauchi, ko mu ne muka fi rubutawa?

Baban Ummi (Jahun): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masu ilimin abin su warware mini. Duk lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta fitar da alƙaluman cututtuka sai ka ga sunan Bauchi a sama. A 2021, shekarar da kwalara ta yi ɓarna, an ce mutum 111,062 ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, 3,604 suka rasu. Jihar Bauchi kaɗai ta kawo 19,558, ta wuce Jigawa, ta wuce Kano da duk yawan jama'arta, kuma kaso mafi tsoka daga nan ƙaramar hukumar Bauchi ya fito. Zazzaɓin Lassa kuwa kusan kullum mu uku ake kira: Ondo, Edo, Bauchi. To mun fi kowa ciwo ne, ko mun fi kowa ƙazanta, ko akwai wani abu a cikin lissafin da ban gane ba? Sannan me ya sa ban taɓa ganin na unguwata ba? A ce mini Jahun mutum kaza, Kobi kaza, Yelwa kaza.

Ɗan Wunti: Wa alaikumus salam. Baban Ummi kai ma da neman magana. Lambar cin abinci ce. In ba a ce ciwo ya yi yawa ba, ta ina Turawa za su turo motoci da kuɗin alawus? A zauna a ofis a ƙara sifili, a kira taro a otal, a raba ambulan, kowa ya kama gabansa.

Maman Sadiq (Bakin Kura): Haba Ɗan Wunti, ka ji tsoron Allah. Kana garin nan a daminar 2021 ko ka yi tafiya? Mu ba labari aka ba mu ba. Maƙwabciyata ta yi sallar asuba lafiyarta ƙalau, kafin azahar idonta ya faɗa, muryarta ta dishe, fatar hannunta in ka ja sai ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. A Keke muka ɗauke ta, ƙanwarta na riƙe da bokiti. Inda aka kwantar da ita gadon ma an huda tsakiyarsa, bokiti a ƙasa, ƙarin ruwa a hannu biyu lokaci guda. Allah Ya sa da sauran kwana. Amma tsohon da ke gidan da ke kallon namu bai kai asibiti ba, da la'asar aka yi masa sutura. Ita an rubuta ta. Shi wa ya rubuta shi? In gyara za a yi wa lambar nan, ƙari za a yi, ba ragi ba.

Ɗan Wunti: Allah Ya jiƙansa. Ni ban ce ba a yi ciwo ba, Maman Sadiq. Cewa na yi wa ya ƙirga, kuma da me.

Malamar Asibiti: To wannan tambayar ta fi ta farko, kuma a kan teburin irinmu lambar ke farawa, bari in sa baki. A ƙaramin asibitin unguwa nake aiki. Duk wanda ya shigo yana da layi a babban littafi: suna, shekaru, unguwa, abin da ya kawo shi, gwajin da aka yi, maganin da aka ba shi. Masu awo da littafinsu, haihuwa da nata, rigakafi da nasa, tamowa da nata, tazarar haihuwa da nata. Ƙarshen wata sai a bi su shafi-shafi a tattara a fom guda, a kai sakatariyar ƙaramar hukuma, jami'in bayanai ya shigar a manhajar DHIS2, daga nan jiha ta gani, Abuja ta gani.

Cututtukan annoba kuwa ba a jira musu ƙarshen wata. Kwalara, Lassa, ƙyanda, sanƙarau, shawara, mashaƙo, ko yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, nan take ake kiran jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ya zo da fom da kwalbar ɗaukar samfuri. Kowane mutum da layinsa, da adireshinsa, da ranar da ciwon ya fara. Saboda haka ƙara sifili a irin wannan ba abu ne mai sauƙi ba, domin ana iya ɗaukar sunan a bi har ƙofar gida.

Inda matsalar take shi ne, ku lura Baban Ummi ya ce "ake zargi". In annoba ta tabbata a gari, duk wanda ya zo da gudawa mai ruwa-ruwa, a jerin kwalara ake sa shi, ba kowa ake wa gwaji ba. To a ciki akwai wanda wani abin ne ya ɓata masa ciki. A gefe guda kuma ga tsohon da Maman Sadiq ta faɗa. Lambar tana ɗauke da waɗanda bai kamata ba, ta bar waɗanda ya kamata. A ganina waɗanda ta bari sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Baban Ummi (Jahun): Malama Allah Ya saka da alheri. To amma Kano fa? Su ba su da littafin ne?

Malamar Asibiti: Suna da shi. Amma annoba ba ta raba kanta daidai tsakanin jihohi, tana bin inda ruwan sha ya gurɓace a wannan shekarar. Sannan inda aka buɗe wurin jinya kyauta aka yi shela, mutane sun fi fitowa, littafi ya fi cika. Lassa ma haka ne. A da samfurin jini sai an kai shi Irrua a jihar Edo, kafin sakamako ya dawo mara lafiya ya warke ko ya rasu. Yanzu akwai ɗakin gwajin a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) a nan cikin gari, ga kuma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna tallafa wa ɓangaren jinyar masu Lassa. Inda ake gwaji nan ake samu. Jihar da ba ta gwadawa za ta fito fes a takarda alhali ana binne mutane.

Ɗan Wunti: Ato. Ashe saka hannu muka fi iyawa, ba ciwo muka fi ba.

Tsohon Duba-gari: A'a ɗana, kada ka ɗauki rabin maganar Malama ka gudu da ita. Na yi aikin duba-gari har na yi ritaya, lungunan cikin ganuwa ba wanda ban shiga ba. Ciwon yana nan, kuma yana da dalili. 2021 ba ita ce farau ba. An yi babbar kwalara a 2014. A 2018 sai da aka kawo rigakafin kwalara na ɗigawa a baki aka yi nufin ba mutum kusan 600,000 a ƙaramar hukumar nan, zagaye biyu. Garin da annoba ke dawo masa haka a kai a kai ba sharrin biro ba ne.

Ku shiga gidajen haya na cikin gari ku gani. Fili ɗan ƙarami, ɗakuna sun cinye shi, rijiya a nan, masai a can, tsakaninsu bai fi taku biyar ko shida ba. Mu a aiki tazarar da muke nema ta kai mita 30. Damina ta sauka, ruwan ƙasa ya taso, abin da ke cikin ramin masai ya tsiyaya ya sami rijiya. Ruwan za ka gan shi garau, ba wari ba launi, ka ɗebo ka zuba a randa. Ruwan famfo na madatsar Gubi kuma ba kowace unguwa yake kaiwa ba, inda yake kaiwa ma dubi hanyar da bututun ke bi: ta cikin kwata, an ɗaure wurin da ya fashe da roba. Muddin akwai ruwa a ciki da ƙarfi, waje yake tsartuwa. Ranar da aka ɗauke, bututun ya zama fanko, sai ya zuƙo na kwata. Ranar da aka dawo da ruwa, wannan na farkon da yara ke rububin tara masa bokiti, shi ne gubar.

Ga 'yan garuwa, Allah Ya biya su don su ke riƙe da garin, amma wa ya taɓa leƙa cikin jarkokin nan? Kore shar da gansakuka. A zamaninmu in duba-gari ya shigo layi, matan gida har ɓoye randa suke. Yanzu ka ce za ka duba masan wani, ya ce wa ya aiko ka.

Maman Sadiq (Bakin Kura): Wallahi Baba kamar gidanmu kuka gani. Mun yi wa mai gidan magana har mun gaji, cewa yake in ba mu so mu tashi, akwai masu jira.

Mai Kayan Mata: Salam 'yan uwa, akwai sababbin atamfofi da leshi sun iso, a duba status.

Admin: Hajiya don Allah. Ranar talla Juma'a ce, an sha faɗa. A ci gaba.

Ɗalibar Ƙididdiga (Yelwa): Ina ta karantawa, bari in tsoma baki da izinin manya. Baban Ummi, akwai abin da ba a taɓo ba. Lamba ita kaɗai ba ta magana sai an san cikin mutum nawa. Mu nawa ne a ƙaramar hukumar Bauchi? Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan 2006 ce, ta ba mu 493,810. Wadda aka shirya a 2023 an ɗage ta. Tun daga nan ƙiyasi ake yi, ana ɗora wani kaso duk shekara. Amma garin nan ba haihuwa kaɗai ta cika shi ba. Rikicin Jos ya koro mutane, rikicin Boko Haram ya koro wasu daga Borno da Yobe, ga masu barin ƙauye. Dubi yadda gini ya miƙe ta Gwallameji da Tirwun da hanyar Ningi. Ƙiyasin bai san da su ba.

Kuma da wannan ƙiyasin ake yanka wa kowane asibiti adadin da zai cimma: a ce yara 'yan ƙasa da shekara ɗaya kashi 4 ne cikin 100 na jama'a, masu ciki kashi 5, 'yan ƙasa da shekara biyar kashi 20. In jama'ar unguwa sun ninka abin da aka ƙiyasta, asibiti zai iya yi wa rabin yaran rigakafi a rubuta ya cika ɗari bisa ɗari. Shi ya sa wani lokaci za ka ga rahoto ya haura ɗari, kuma ƙyanda ta ɓulla a wurin.

Ɗan Wunti: Yawwa! Abin da nake faɗa ke nan, aka taso mini. Sama da ɗari bisa ɗari, sai ka ce an yi wa aljanu allura.

Ɗalibar Ƙididdiga (Yelwa): Ba abin da kake faɗa ba ne, Yaya. Kai ka ce an ƙara na sama don a ci kuɗi. Ni na ce na ƙasa ne ya tsufa. Ka ga kuwa maganinsu ba ɗaya ba ne.

Malamar Asibiti: Amma fa, ƙanwata, gaskiya ɗaya ce, wani lokacin na saman ma ana taɓa shi. Ba don kuɗin Turawa ba, don tsoron faɗa. An ba ka adadi, wata ya ƙare ba ka kai ba, gobe taron bita za a tsayar da kai a gaban mutane. Mai raunin zuciya sai ya cike gibin da biro. Kuma ku tuna sau da yawa mutum ɗaya ce ke duba mara lafiya, ta karɓi haihuwa, ta yi allura, ta cika littattafan nan duka. Na sha ganin abokiyar aiki bayan isha'i, an ɗauke wuta, waya a baki tana haska shafi da fitilarta, tana ƙirga 'yan layukan alama biyar-biyar, mai naƙuda na nishi a ɗakin gefe. In ta tsallake shafi guda, yara talatin sun ɓace daga lissafin ƙasa.

Kawu na Ƙofar Ran: Ni ban yi boko mai zurfi ba, jikana ke rubuta mini. Na ji kuna ta maganar masu ciwo, ni ta mamata nake. A unguwarmu in an yi rasuwa da safe, kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Haka addini ya koyar, kuma ba mai cewa a canza. Amma tun da nake ban taɓa ganin wanda ya zo da takarda ya ce wane ne ya rasu, shekarunsa nawa, me ya same shi ba. Takardar shaidar mutuwa sai in akwai kuɗin banki ko fansho ake nemanta. To ƙirga ciwon gari da littafin asibiti kamar ƙirga awakin unguwa ne da waɗanda aka kai mahauta. Kuma abin da ke ɗaukar tsararrakina ba kwalara ba ce. Mutum yana alwala ya yanke jiki ya faɗi, a ce ɓarin jiki ya shanye. Wani a yanke masa ƙafa saboda suga. Wani ƙoda, a yi ta haɗa kuɗin wankin ƙoda a masallaci har Allah Ya karɓi abinSa. Waɗannan ban taɓa jin an kira lambarsu a rediyo ba.

Baban Ummi (Jahun): Kawu kun taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. To 'yata mai ƙididdiga, in ba a rubuta mamata, ina ake samo adadin matan da ke rasuwa wurin haihuwa da ake ta faɗa?

Ɗalibar Ƙididdiga (Yelwa): Daga bincike na gida-gida, Baba. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ke yin sa bayan 'yan shekaru, ana kiransa NDHS. Na 2018 ya shiga gidaje kimanin 40,000 a duk ƙasa. Ana tambayar mace 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye, wanda ya rasu yana da wata nawa. Ana kuma tambayarta 'yan uwanta mata, wace ce ta rasu, tana da ciki ne, ko wurin haihuwa, ko cikin jego. Daga nan aka fitar da cewa mata 512 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000, yara 132 cikin 1,000 ba sa kai shekara biyar. Na 2023 zuwa 2024 ya ce na yaran ya sauko zuwa 110. A na 2018 ɗin ne aka ga macen jihar Bauchi kan haifi 'ya'ya 7.2 a matsakaici, Katsina kaɗai ta ɗara mu. Binciken yana da inganci, amma iyakarsa jiha. Ba zai gaya muku na ƙaramar hukuma ba, balle Jahun.

Ko na ƙaramar hukumar ma in an ba ku, ku yi hattara da shi. Ƙaramar hukumar Bauchi ba birni kaɗai ba ce. Akwai Liman Katagum, Zungur, Galambi, Kangere, Miri. Matar GRA da ke da asibitin koyarwa a bayan gidanta da matar ƙauyen da sai an nemi mashin cikin dare, an zuba su a lamba guda an raba biyu. Abin da ya fito ba na kowa ba ne a cikinsu.

Mai Kemis (Fadaman Mada): Na yi shiru ne ina jiran a zo kaina, don na san za a zo. Bari in riga ku. E, yawancin masu zazzaɓi wurinmu suke fara zuwa, kuma ba littafin da muke aikawa ko'ina. Amma ku tambayi kanku me ya sa. Ni ƙarfe goma na dare ina buɗe. Ba kati, ba layi, ina ba da bashi. Mai acaɓa ba zai kashe wuni guda a benci ba, abin da zai ci a ranar yake nema. Ina da abin gwajin maleriya, ɗigon jini, minti goma sha biyar zuwa ashirin, layi biyu ya fito in ba da magani. Amma in layi ɗaya ya fito na ce ba maleriya ba ce, ka je asibiti, sai mutum ya harare ni ya tsallaka shagon gaba, a haɗa masa na maleriya da taifot, da allura uku. Gobe ya ce ni ban iya aiki ba.

Malamar Asibiti: Alhaji, ba wanda ya ce ku ne matsalar, amma wurin nan ne Lassa ke kashe mutane. Farkonta ba ta da maraba da maleriya: zazzaɓi, kasala, ciwon kai, ciwon maƙogwaro. A sha na maleriya kwana uku, a koma na taifot mako guda, a gwada na gargajiya. Sai an fara ganin kumburin fuska ko jini sannan a kawo mana, lokacin kuwa maganin da ake bayarwa, ribavirin, ya fi amfani ne a kwanakin farko. Kuma kafin nan matar da ke jinyarsa ta taɓa amansa da fitsarinsa, mu ma'aikata ma da yawa ta haka muke kamuwa. Roƙona gare ku ɗaya ne: daga Disamba zuwa Afrilu, zazzaɓin da aka ba shi maganin maleriya kwana biyu zuwa uku bai sauka ba, kada a sake haɗa wani. A turo shi, gwajin yana nan cikin gari.

Maman Sadiq (Bakin Kura): Malama wai da gaske ne ba kowane ɓera ba ne? Kuma an ce har kurumta take sawa.

Malamar Asibiti: Wani ɓera ne mai nonuwa da yawa a jere a cikinsa, yana zama a gida da gona. Amma wa zai tsaya juya ɓera yana ƙirga nono? Kowane ne a kore shi. Fitsarinsa da kashinsa a kan abinci shi ne hanyar. Garin da aka shanya a bakin titi, masarar da ke ƙasa a ɗaki, kwanon tuwon da aka bari a buɗe ya kwana. Kurumta kuwa gaskiya ne, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke kan sami matsalar ji, wasu ta dawo wasu ba ta dawowa. Sannan mafi yawan masu ɗauka, kusan kashi 80 cikin 100, ciwon ba ya tsananta, ba za su taɓa sanin ita ce ba. Ga wasu kuma da ba su cikin littafi.

Ɗan Wunti: To ni yanzu na rasa gane muku. Kun ce lambar ba ta cika ba, kun ce ƙidaya ta tsufa, kun ce ba a rubuta mamata, kun ce kemis ba ya kai rahoto. To amfanin me take da shi? A daina wahalar da Malama da fitilar waya mana.

Tsohon Duba-gari: Gurguwar lamba ta fi babu, ɗana. A ƙarshen daminar 2019 da shawara ta ɓulla ta wajen Yankari a Alkaleri, rahoton 'yan mutane kaɗan ne ya sa aka farga aka bi da rigakafi. A 2023 da mashaƙo ta shigo ta yankin Katagum da Jama'are, ta haka aka san inda za a tura allura. A 2024 sabuwar allurar sanƙarau da Najeriya ta riga kowace ƙasa amfani da ita, Jigawa da Bauchi da Yobe aka fara kaiwa, don nan rahoto ya nuna. Shan inna fa? Da me aka kai ga shelar 25 ga Agustan 2020 cewa Afirka ta rabu da asalin nau'in ƙwayar cutar? Da bin kowane yaron da ƙafarsa ta saki, a ɗauki bayan gidansa a kai gwaji, shekara da shekaru. Wanda bai kai rahoto ba shi ake mantawa ranar rabo.

Baban Ummi (Jahun): Na yarda da wannan, Baba. Amma har yanzu tambayata ta biyu na nan. Lambar tana hawa sama, daga teburin Malama zuwa sakatariya, zuwa jiha, zuwa Abuja, har Janiba hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya. Yaushe take saukowa? Mu da aka ƙirga mu ne ƙarshen ji. Da a ce a watan Yuni an gaya wa mai unguwarmu cewa mutum goma daga layi kaza sun zo da gudawa a mako guda, da an rufe rijiyar layin kafin a kai ga gawa. Farfesa Muhammad Ali Pate ma da aka naɗa ministan lafiya a 2023 ɗan jihar nan ne, ɗan Misau, kuma mutum ne mai son a yi magana da alƙaluma. Ai kamata ya yi a ce a nan aka fara liƙa na kowace mazaɓa a bango.

Malamar Asibiti: Wani abin yana bangon ma, ba a dubawa ne. Ka shiga asibitin unguwarku, akwai babbar takarda mai zane da ke nuna yaran da aka yi wa allurar farko ta mako shida da waɗanda suka dawo ta uku ta mako goma sha huɗu, wata bayan wata. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu su ne yaran da suka ɓace a hanya. Kuma kowace mazaɓa tana da kwamitin raya ta, wanda ya kamata ya zauna da shugaban asibiti duk wata. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, wani ɓangare na zuwa kai tsaye asusun asibiti guda a mazaɓa duk bayan wata uku, kuma shugaban kwamitin nan yana cikin masu sa hannu. Wa ya san shugaban na mazaɓarsa a cikinku?

Ɗan Wunti: Shiru kake ji.

Maman Sadiq (Bakin Kura): Ni dai ban ma san da shi ba. Amma Malama, tunda kin kawo maganar yaran da ke ɓacewa, wani lokacin ba laifinmu ba ne. Na kai autana allurar wata tara, aka ce ba ranarta ba ce in dawo. Na dawo aka ce yara ba su taru ba. Kuɗin Keke zuwa da dawowa, ga girki na bari. Wata ba za ta sake komawa ba.

Malamar Asibiti: Na san zafin wannan. Dalilin shi ne kwalbar allurar ƙyanda ta yara goma ce, ta BCG mai kare tarin fuka ta ashirin, kuma da zarar an haɗa ta, bayan awa shida zubarwa ake. Sai ma'aikaci ya ji tsoron a ce ya yi asara. Amma umarnin da ake ba mu shi ne a buɗe ko don yaro ɗaya, asarar kwalba ta fi sauƙi a kan asarar yaro. In an sake ce miki haka, ki nemi ganin shugaban asibitin cikin ladabi. Kuma kada ki manta akwai ta biyu a wata goma sha biyar.

Kawu na Ƙofar Ran: Ni shawarata ba ta buƙatar Abuja. Kowane masallacin unguwa liman ya san gawar da ya sallata. Masu haƙa kabari sun san ramin da suka tona, babba ne ko na yaro. A sayi littafi mai bango mai kauri a ajiye wurin mai unguwa: rana, namiji ko mace, shekaru, abin da iyalin suka ce ya same shi. Ko ba suna. Ƙarshen wata a nuna wa su Malama.

Ɗalibar Ƙididdiga (Yelwa): Kawu wannan shawarar tana da kyau, amma abin da iyali za su ce shi ne "zazzaɓi" ko "gajeriyar rashin lafiya" ko "ajali". Sai dai ko hakan, yawan kawai in ya tashi farat ɗaya a mako guda ya isa ƙararrawa. In an amince ni zan zana yadda shafin zai kasance, in ƙara gurbi guda na mace mai ciki ko mai jego.

Tsohon Duba-gari: A bi ta hannun hakimi tukuna, kada mai unguwa ya ga kamar an tsallake shi ko an tsallake na sama da shi. In takarda ta fito daga fada ba mai musu.

Mai Kemis (Fadaman Mada): Mu ma in za a kawo mana fom mai sauƙi, shafi guda, mu riƙa sa alamar masu zazzaɓi da masu gudawa, ni zan cika. Sharaɗina kada ya zama hanyar da za a biyo a rufe mini shago ko a ce in kawo na goro.

Ɗan Wunti: Kuma kada a kira taro a otal.

Admin: To jama'a, dare ya yi. Baban Ummi, ku da kuka tayar da maganar, ku leƙa asibitin unguwarku ku nemi izinin ɗaukar hoton takardar bangon nan, ban da littafin da ke da sunayen mutane. Kowa ma ya binciko mana wane ne shugaban kwamitin mazaɓarsa da ranar da suke zama. Malama, fom ɗin da Alhaji ke nema akwai irinsa, ko sai an ƙirƙira?

Malamar Asibiti: Akwai na masu sa ido a cikin unguwa, zan tambayi jami'inmu na ƙaramar hukuma ko zai yi wa masu kemis. Alhaji ku nawa ne a layinku da za su yarda?

Mai Kemis (Fadaman Mada): Mu huɗu ne. Biyu na tabbatar. Na shagon gaba kuwa sai dai ku je da kanku.